Kawu da Farin Layin Ƙofar Gari

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, a nan ba ni da ta cewa. Inda nake da ta cewa shi ne abin da aka yi masa yana da rai, da wanda aka ƙara masa a wurin zaman makokinsa. Zan faɗa, ko da wasu a danginmu za su daina amsa gaisuwata.

Mutane sun zo, ba laifi. Direbobin tashar Bodinga sun cika mota guda, kusan kowannensu Kawu ne ya yi masa rubutun da ke bayan motarsa. Teloli 'yan'uwana na kasuwar Shagari sun rufe shaguna sun biyo ni. Wata tsohuwa daga Lambara ta shiga wajen mata riƙe da kwanon sha, ta kifa shi ta nuna wa Inna gindinsa. Sunanta ne da jan fenti, Kawu ya rubuta mata tun tana amarya don kada kwanon ya ɓace a gidan biki. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta san nata ne. Ta ce goro ɗaya ta miƙa masa ranar, ya ɓare shi ya mayar mata da rabi.

Rana ta biyu Ardo ya iso da dattawan makiyaya daga wajen Kajiji, a ƙasa, suka jingine sandunansu a jikin katanga. Sun gaida liman, sun gaida ƙannen mamaci, sun aika gaisuwa cikin gida. Da suka zo kan babban ɗan Kawu, wanda ya hakimce a kan tabarmar gaba cikin babbar riga, sai suka wuce shi kamar tabarmar ba kowa. Duk wanda ke wurin ya gani, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba, wallahi daɗi na ji.

Wannan babban ɗan taubashina ne, domin Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muka tashi. A al'adarmu abin da na ga dama zan gaya masa, in cire masa hula a kasuwa, in kira shi bawana a gaban surukansa, shi kuma dole ya yi dariya. Taubashin da ya yi fushi da wasa shi ne abin kunya, har 'ya'yansa za a riƙa yi wa gori. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu, mai gonakin albasa da injinan ban ruwa.

Ranar sadakar uku ya sa aka sauke kwali cike da kalanda, aka shiga rabawa. Hoton Kawu ne a sama, wanda aka ciro daga katin shaidarsa, don shi mutum ne da ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. A ƙarƙashi ga sabon tambarin gari mai zakuna biyu, an rubuta wai shi ne ya zana shi. Inna ba ta karatun boko, ta sa na karanta mata. Ta daɗe tana kallon takardar.

Ta ce, "Yaya bai taɓa zana abu mai rai ba. Wa yac ce shi yaz zana karnukan ga?"

Na naɗe kalandar na sa a aljihu.

Wanda bai san Kawu ba, bari in nuna masa shi. Dogo ne, siriri, kullum akwai ɗigon fenti a farcensa ko ranar Salla. Wurin zamansa gindin dogon yaro ne a bakin kasuwar Bodinga, da gwangwanaye jere a gabansa da buroshi a bayan kunne. Ba ya fara aiki sai ya sa mai aikin ya faɗi abin da yake so sau biyu, ya ce mutum ba ya sanin abin da yake nufi a faɗin farko. Wani direba ya taɓa matsa masa sai ya zana masa zaki a ƙofar babbar mota. Kawu ya ce masa, "Ni ba ni zana abin da ba ni iya busa ma rai. In kana son hure in yi maka hure." Direban ya zage shi tas a gaban mutane, ya ce tsoho ne mai taurin kai, ya tada mota. Bayan mako guda ya dawo, aka yi masa fure. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ni ma mun taɓa yi da shi. Lokacin da na buɗe shago a Shagari, na ce ya rubuta mini allo, Ƙwararren Tela. Ya shiga ɗaki ya fito da rigar da na ɗinka masa, ya miƙe hannuwa biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan yatsa uku. Tela kawai ya rubuta, ya bar fili a gabansa. Na yi wata biyu ba na zuwa gaishe shi, ina jin haushi duk lokacin da na ɗaga kai na ga filin nan. Shekaru suka wuce har na manta. Wata ranar kasuwa sai ga shi da ɗan gwangwani, ya hau bencina, ya cike filin, ya sauko ya sha furata ya tafi. Ni kuwa na juya baya ina ta gyaran zaren da bai tsinke ba.

Amma aikin da ya fi so a duniya shi ne tambarin garinmu, wanda ke jikin ginshiƙin ƙofar gari ta gabas. Tun kafin a haife ni aka yi wata shekara ta fari, manoma da makiyaya suka gwabza a bakin babbar rijiya, mutum ɗaya bai tashi ba. Dattawa suka zauna suka yi rantsuwa. Za a bar burtali daga daji har bakin rijiya, faɗinsa shanu huɗu su jera, ba mai noma shi har abada. Mutanen gari su ja ruwa da safe, makiyaya bayan azahar. Ba a rubuta takarda ba, mai garin lokacin ya ce takarda abincin gara ce. Ana cikin ginin ƙofar, sai aka kira Kawu yana saurayi aka ce ya sa alkawarin a inda kowa zai gani.

Da'ira ce kamar faifai. Duk baƙon da ya tsaya kallonta, ko 'yan makaranta, ko mai neman hanya, Kawu zai kama hannunsa ya karanta masa ita, ko yana so ko ba ya so. Har yanzu ina jin muryarsa.

"Damin gero na sa bisa, don shi ka riƙe mu. Albasa ukku, unguwanninmu ukku. Rijiya guda, igiya biyu, tamu da ta Fulani. Ga kalmen manomi ga sandar makiyayi, kwance gefe da gefe. Wani malamin boko yac ce in gicciye su, wai ya fi kyau. Nic ce mai sun taɓa gicciyewa sau guda, mun ga abin da anka samu."

Sannan ya ɗora yatsa a kan farin layin da ya ratsa koren fili daga gefen da'ira zuwa rijiya, ya bi shi a hankali har ƙarshe. Wannan shi ne burtali. Yakan ce duk sauran ado ne, wannan ne maganar. Akwai kuma ɗan ɗigon ja a bakin rijiyar. Idan yara suka tambaya sai ya ce fenti ne ya ɗiga masa, manya kuwa ba sa tambaya. Duk bayan damina biyu yakan zo da tsani ya sabunta launin, ba wanda ya taɓa aikensa.

To ga abin da ɗansa na cikinsa ya yi. Albasa ta yi daraja, gonarsa tana maƙwabtaka da burtali. Shekara ta farko ya ci taku biyu daga faɗin burtalin, aka yi shiru. Ta biyu ya kafa shingen waya ya toshe hanyar gaba ɗaya, ya yanka fangalin albasa a inda shanu ke bi tun kafin a haife shi. Makiyaya suka koma zagaye ta bayan maƙabarta, tafiyar da ke sa shanu su iso rijiya suna layi don gajiya. Ardo ya kai kuka, aka ce za a duba. Ana cikin dubawar sai ƙungiya ta sanar wai tambarin gari ya tsufa, za a yi na zamani. Aka shafe na Kawu da farin fenti, aka bugo wani a birni a jikin leda, aka kafe shi da katako a kansa. Ba wanda ya je ya gaya wa tsohon, alhali gida ɗaya suke kwana da wanda ya ba da umarnin.

Ni na ɗauko shi a babur daga Bodinga ranar da aka kafe ledar, ban san abin da ke jiranmu ba. Da muka iso ƙofar ya ce in tsaya. Ya sauka, ya matsa kusa, ya ɗaga kai. Zakuna biyu a tsaye kan ƙafafun baya, a garin da ko kura an daɗe ba a ji kukanta ba. Tauraro, da wani ƙarfe mai haƙora, da zangarniyar wani hatsi da ba a taɓa shukawa a ƙasarmu ba. Babu rijiya, babu sanda, babu layi. Ɗansa yana wurin da mutanensa, ya taho yana murmushi.

Kawu ya ce, "Wanga hatsi na wace ƙasa na?"

"Alkama ta, Baba. Haka aka yi ko'ina yanzu."

"Ina hanyar shanu?"

"Haba Baba, layi na kawai. Zamani ya wuce nan."

Kawu ya dube shi, ya sake duban ledar, ya ce mini mu tafi. A bayan babur na ji hannunsa ya kama rigata sosai, shi da bai taɓa riƙe kowa a kan babur ba. Daga ranar bai sake komawa gindin dogon yaro ba. Gwangwanayensa suka bushe a zaure. Wata huɗu ya yi bayan nan ya rasu. A asibiti sun faɗi sunan ciwonsa, na kuma yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ni na ɗauko shi ranar, na san inda ya fara mutuwa.

Bayan sadakar bakwai Ardo ya same ni a shago ranar kasuwa. Tsoho ne sa'an Kawu, ya zauna a benci ya ƙi shan ruwa sai da ya gama magana. Ya ce hakimi zai zo ƙofar gari bayan arba'in ya raba gardamar burtali, kuma duk waɗanda suka yi rantsuwar sun mutu, Kawu da ya zana ta ma ya bi su. Na ce ai shi ke nan, an shafe shaida. Ya girgiza kai.

"Ina nan tsaye randa yay yi aikin. Siminti na ɗanye, yas sa ƙusa yat tona zanen duka, sannan yab bari ya bushe yas sa fenti. Yac ce fenti na gogewa, rami ba ya gogewa. Yana nan ƙarƙashin ledar."

Na ce to me ya hana su cire ta. Ya dube ni kamar na yi maganar yara. Ya ce ranar da Bafulatani ya ɗora hannu a kan tambarin gari, ranar za a sake ɗaukar gawa a bakin rijiya. Mutanen gari kuma ba mai son ya ɓata da mai injinan ban ruwa. Ya tashi ya ɗauki sandarsa, a bakin ƙofa ya juyo ya ce ya ji an ce ni ɗan ƙanwar mamaci ne.

Inna ta gane abin da nake shirin yi tun kafin in buɗe baki. Ta ce, "Ɗan yayana na, jinina na. Ka bar ma Allah." Na ce mata na bar wa Allah abubuwa da yawa a rayuwata, wannan kam da hannuna zan yi. Ta ce in na kunyata shi a gaban hakimi kada in zo mata gaisuwar safe. Na ce to. Ban taɓa ce wa Inna irin wannan to ɗin ba, kuma ta daɗe tana dubana.

Ranar ta zo. An shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofa, hakimi a kujera, gari ya cika, makiyaya a gefe guda. Taubashina ya miƙe ya gyara riga ya ce shi bai san wani burtali ba, in akwai a kawo takarda. Ardo ya ce takardarsu tambarin gari ce. Sai mutumin nan ya nuna ledarsa, ya zaro kalanda daga aljihu ya miƙa wa hakimi, ya ce ga tambarin gari, ga sunan mahaifinsa a ƙarƙashi, a nuna masa hanyar shanu a ciki. A nan na gane dalilin kalandar. Ba don girmama uba aka buga ta ba. An jira ya mutu ne, aka sa shi ya yi shaidar zur da bakin da ba zai iya musawa ba.

Na tashi. Almakashina na cikin aljihu, da dunƙulen gawayi da na ɗauko a murhun mai shayi. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ni ba shari'a ta kawo ni ba. Wasa na zo yi da taubashina, na ga karnukansa sun daɗe tsaye, in taimaka su zauna."

Wurin ya ɗauki dariya, har hakimi ya rufe baki da hannun riga. Ba wanda zai hana ni, kowa ya san haƙƙina ne. Na ja benci na hau, na sa almakashi na tsarge ledar daga sama har ƙasa, tsakanin zakunan biyu, na yaye ta. Farin bango ne kawai, wasu har sun fara cewa to me aka yi. Na kwantar da gawayi na shiga goga shi a kan bangon. Bango ya yi baƙi, ramukan suka ƙi karɓa, suka fito fari fat. Damin gero ya fito, albasa uku, rijiya da igiyoyinta biyu, kalme da sanda. Sannan layin, daga gefen da'ira har bakin rijiya, ba inda ya yanke. Dariyar ta mutu. Wani dattijo a bayana ya fara salati a hankali.

Na sauko na dubi taubashina na ce, "Bawana, ba ka yi dariya ba." Ya yi. Sai da ya yi, gari duka na kallonsa. Ban taɓa ganin dariya mai muni irin wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin wata kamarta ba.

Hakimi ya tambaye shi aikin wane ne wannan. Sai da aka tambaye shi sau biyu. Ya ce, "Na mahaifina na." Aka yanke cewa a cire shinge a buɗe burtali. Ni so na yi a cire a ranar, in ga shanu sun bi ta kan fangalinsa suna tattake albasa. Ardo ne ya hana, ya roƙi a bari a cire amfanin gona tukuna, wai abinci ba shi da laifi. Na ji haushinsa, har yanzu ma ina ji. Hakimi ya ƙara da cewa wanda ya sa aka shafe tambarin shi zai mayar da launinsa, da hannunsa, ya bi ramin da ubansa ya tona.

Mako biyu da suka wuce ya yi aikin, da rana tsaka, mutane na wucewa zuwa kasuwa. Na rufe shago na zo da kujerata na zauna a gindin ginshiƙin. Bai iya riƙe buroshi ba, fenti na bin hannunsa har gwiwa. Ƙasar wurin yashi ce, tsanin yana ta rawa. Da ya zo kan farin layin, wanda ke can gefe sai an miƙa hannu, tsanin ya karkata, ya rungume bango. Ya leƙo ƙasa, muka haɗa ido. Idon Kawu ne sak, ban taɓa lura ba sai ranar.

Ya ce, "Taubashi, riƙe min tsani."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa hannun nan da bai taɓa rubuta ƙarya ba ya karɓi littafinsa ta dama. Ya ba Inna haƙurin rashin yayanta, Ya sa wata rana ta amsa gaisuwata. Da shi ne zaune a kujerar nan, na sani sarai da ya tashi ya riƙe wa ɗansa tsanin, har ya nuna masa yadda ake kama buroshi. Irin mutumin da muka rasa ke nan, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni ban tashi ba. Na ɗora hannuwana a kan gwiwa ina kallonsa, har wani makiyayi da ke wucewa ya ajiye sandarsa ya riƙe masa.